Da wanne za a fara kallon Errol Flynn: Captain Blood, Robin Hood ko Sea Hawk?

Ƙanena ne ya jawo wannan rubutu. Ya ci karo da wani guntun bidiyo a waya, mutum biyu na kai wa juna sara da takobi suna saukowa daga wata matakalar dutse, inuwarsu ta cika bango. Sai ya turo min yana tambaya: "Yaya, wane ne wannan, kuma wane fim ɗinsa zan fara nema? Datar fim ɗaya gare ni." Rabin farko na tambayar ba wuya, Errol Flynn ne. Rabi na biyun kuwa sai da na kwana biyu ina juya shi a raina, domin fina-finai uku ne suka tsaya min, kowanne da hujjarsa: Captain Blood na 1935, The Adventures of Robin Hood na 1938, da The Sea Hawk na 1940.

Kamfani ɗaya ne ya yi su duka, Warner Bros. Darakta ma kusan ɗaya ne, Michael Curtiz ɗan ƙasar Hangari, wanda daga baya ya yi Casablanca, sai dai a Robin Hood William Keighley ne ya fara aikin kafin kamfani ya karɓe ya danƙa wa Curtiz. Erich Wolfgang Korngold ne ya tsara kiɗan duka ukun, Fred Cavens kuma ya shirya faɗan takobin. Wanda ya hango su daga nesa zai ce ai duk kanwar ja ce: kyakkyawan saurayi, takobi, 'yar manyan mutane, mugun bafade. Ni da na kalle su ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, na san kowanne da irin mai kallon da ya dace da shi. Tambayar da ke raba gardamar ita ce: kana so ka ga yadda mutum ke zama jarumi ne, ko kana so a kawo maka jarumin a shirye?

Shi Flynn an haife shi a 1909 a Hobart, a tsibirin Tasmaniya na Ostireliya, ɗan wani farfesan nazarin halittu ne. Ya yi yawon neman na kansa a Niyu Gini, ya taɓa wasan dandamali a Northampton da ke Ingila, sannan Warner suka kawo shi Amurka suna ba shi ƙananan fitowa. A wani fim ma mamaci ya fito. Ɗan wasan Ingila Robert Donat aka so ya ja Captain Blood, da hakan bai yiwu ba sai kamfani ya yi kasada ya ɗora babban fim a wuyan wannan baƙon ɗan shekara 26, ya haɗa shi da wata yarinya 'yar shekara 19 da ita ma ba a gama saninta ba, Olivia de Havilland. Daga nan suka yi fim takwas tare.

Captain Blood, wanda aka ciro daga littafin Rafael Sabatini na 1922, labarin likita ne, Peter Blood, ɗan ƙasar Ailan da ke zaune a Bridgwater a Ingila cikin 1685, shekarar da Duke na Monmouth ya yi wa Sarki James na Biyu tawaye. Blood bai ɗauki makami ba. Cikin dare aka ƙwanƙwasa masa ƙofa aka ce ga wani can ya ji rauni, ya ɗauki jakarsa ya tafi, sojojin sarki suka same shi a kan majinyacin suka haɗa da shi. Aka gurfanar da shi gaban alƙali Jeffreys, wanda mutum ne na gaske a tarihi, kuma har yau ana tuna shi a Ingila saboda yawan 'yan tawayen da ya aika wa igiya. A zauren shari'ar nan ne na fara gane cewa fim ɗin ya wuce sara da suka. Alƙali ya nemi shaidar cewa shi likita ne. Blood ya dube shi da kyau, ya ce shi kansa mai shari'a ne shaidar, domin ga ciwon ajali nan yana gani a ƙirjinsa. Aka yanke masa hukuncin rataya. Daga baya aka nuna wa sarki cewa sayar da fursunonin ya fi kashe su riba, aka loda su a jirgi sai Port Royal a Jamaika.

A bakin tasha aka jera su kamar bisashe ranar kasuwa. Kanar Bishop, mai gonakin rake, yana bi ɗaya bayan ɗaya, ya matsa dantse, ya sa a buɗe baki ya duba haƙora. Da aka zo kan Blood sai ya datse bakinsa. Arabella, 'yar ɗan'uwan Kanar, tana gefe tana kallo. Da ta ga taurin kan nan zai kai shi hannun wani mai ramin ma'adinai inda bawa ba ya daɗewa da rai, sai ta taya shi fam goma. Godiyar da ya yi mata ta fi zagi ciwo. Fam goman nan ita ce igiyar da ta ɗaure fim ɗin tun daga nan har ƙarshe. Shekaru suka wuce, Blood ya zama shugaban 'yan fashin teku, abokin ƙawancensa Bafaranshe mai suna Levasseur ya kama Arabella, sai Blood ya zube lu'ulu'u ya saye ta a gaban idonta. Ranar ita ma ta ɗanɗana yadda ake ji idan ana cinikin mutum yana tsaye. Ban san wani fim na takobi da ya gina soyayyarsa a kan rauni mai zurfin wannan ba.

Tsakanin ciniki na farko da na biyu akwai bulala a jikin turke, akwai bawan da ya gudu aka kamo aka ɗora masa jan ƙarfe a fuska, akwai ciwon ƙafar gwamna da ya buɗe wa Blood ƙofar fada har ya samu damar ƙulla shirin gudu. Sai ga jirgin Sifaniyawa ya kawo wa garin hari. Ana cikin ruɗani bayin suka haye jirgin maharan, suka juya bakin igwa kan masu ita. Abu na farko da suka yi bayan sun shaƙi iskar 'yanci shi ne rubuta dokokin zamansu: yadda za a raba ganima, abin da za a biya wanda ya rasa hannu ko ido, da hukuncin wanda ya taɓa macen da aka kama. A duk wannan tafiya kana ganin fuskar Flynn na sauyawa, daga likita mai fara'a zuwa bawa mai cin rai, zuwa kyaftin da dariyarsa ke ɗauke da ɗaci.

Aibinsa kuwa ba ɓoyayye ba ne. Sai an ci kusan rabin fim ɗin kafin a hau teku, kuma minti 119 ne. Jiragen da ake gani suna yaƙi ƙananan samfura ne a cikin tafkin sutudiyo, an kuma cike da wasu hotuna da aka aro daga tsofaffin fina-finai marasa magana, mai ido zai lura. Korngold mako uku kacal aka ba shi, har sai da ya ari wasu kaɗe-kaɗen Franz Liszt ya cike gurbi. Flynn ma a wasu wurare za ka ga sabon hannu ne, yana ɗaga murya inda bai kamata ba. Baƙi da fari ne, babu kala. Duk da haka an sa shi cikin jerin masu neman kyautar Oscar ta gwarzon fim na shekarar.

Robin Hood wata duniya ce dabam. Labari ya buɗe an kama Sarki Richard na Ingila a Ostiriya, ƙanensa Yarima John ya ɗare kan mulki, yana tatsar talakawa haraji da sunan kuɗin fansar yayansa alhali aljihunsa yake cikawa. Manyan Normandawa, masu riƙe da mulki, na cin zalin Saksonawa, mutanen ƙasar da suka tarar. Ana tsakiyar liyafa a fadar Nottingham sai aka ji hayaniya a bakin ƙofa. Robin ne ya shigo da barewar sarki a saɓe a wuyansa, dabbar da kashe ta hukuncinsa kisa ne. Ya mangare dogarai da ita, ya taka har gaban Yarima ya jibge ta a kan teburin abinci. Aka ba shi kujera, ya zauna ya miƙe ƙafa, ya ja nama yana ci yana gaya wa Yarima a fuskarsa cewa zai tara jama'a ya yaƙe shi. Ana cikin haka dogarai suka sulale suka rufe ƙofofi, mashi ya huda bayan kujerar da yake zaune, wuri ya kaure. Minti kaɗan ne, amma ka gama sanin mutumin, kuma yadda ya shigo ɗakin nan haka zai fita daga fim ɗin. Robin ba ya sauyawa, ba ya shakka, ba ya kwana da baƙin ciki.

Mai sauyawa ita ce Marian. Ta fara ne tana 'yar fada mai kallon Saksonawa a wulaƙance, sai aka kama ayarinsu a dajin Sherwood, Robin ya ja ta gefe ya nuna mata waɗanda aka ƙona wa gidaje, da waɗanda aka nakasa, da waɗanda yunwa ta kora daji. De Havilland ba ta yi dogon bayani ba a wurin, idonta ne ya yi aikin. Daga baya ita ce ta fita cikin dare ta kai wa mutanensa dabarar da ta cece shi daga igiya. Idan akwai mata a cikin masu kallo, wannan ce jarumar da za ta fi burge su cikin fina-finan uku.

An kashe wa fim ɗin kusan dala miliyan 2, kuɗin da Warner ba su taɓa zuba wa wani fim ba kafin nan, kuma kana ganin inda kuɗin ya shiga. An ɗauke shi da tsarin Technicolor, wata ƙatuwar kyamara mai ɗaukar hoto a kan zaren fim uku lokaci guda, shi ya sa ja da kore da ruwan zinare suke tsalle daga allo kamar kayan hawan sallah. Dajin Sherwood ɗin a gaskiya Bidwell Park ne a garin Chico na Kalifoniya. Kiban da kake gani suna cakewa a ƙirjin mutane na gaske ne. Wani gwanin baka mai suna Howard Hill ne ke harbawa, waɗanda ake harbi suna sanye da farantin ƙarfe da katako mai taushi a ƙarƙashin riga, ana biyan mutum dala 150 a kan kowace kibiya da ya tara wa jiki. Fim ɗin ya ci Oscar uku: na tsara wurare, na tace hoto, da na kiɗa. Kiɗan ma yana da nasa labarin. Korngold Bayahude ne, yana Biyana, babban birnin Ostiriya, aka kira shi Amurka a farkon 1938. Da ya ga hotunan sai ya ce wannan ba irin aikinsa ba ne, daga baya ya amince. A watan Maris sojojin Hitler suka shiga Ostiriya, gidansa ya tafi. Shi da bakinsa ya riƙa cewa fim ɗin nan ne ya tsirar da ransa.

Inda Robin Hood ya gaza, a ganina, shi ne ba ka taɓa jin tsoro dominsa. Ko da aka kama shi a gasar harbin kibiya, bayan ya tsaga kibiyar abokin karawarsa gida biyu, zuciyarka a kwance take. Tatsuniya ce da aka yi wa ado na gani na faɗa, minti 102, ba ta tsayawa numfashi.

The Sea Hawk kuwa shi ne wanda hannun ma'aikata ya fi nuna a cikinsa. A wannan karon Warner sun gina jirage biyu masu cikakken girma a cikin wani makeken ɗakin ɗaukar fim da ake cika shi da ruwa, da injinan da ke girgiza su kamar suna kan igiyar teku. Karon farko tsakanin Albatross, jirgin Kyaftin Geoffrey Thorpe, matuƙin Ingila da Flynn ya fito a matsayinsa, da jirgin da ya ɗauko jakadan Sifaniya ya shafe duk wani yaƙin ruwa da ke cikin Captain Blood. Mutane na lilo da igiya suna dira, katako na tsagewa, ruwa na shiga. Sai kuma tafiyar Fanama, inda Thorpe ya je tare ayarin zinariya ashe an riga an sayar da sirrinsa. Waɗanda suka tsira daga fadama suka tuƙa kwalekwale suka koma jirginsu, suka tarar ba motsin kowa sai kukan igiyoyi da katako. Wurin nan ya fi ba ni tsoro fiye da kowane wuri a fina-finan uku. Daga nan sai sarƙa da bulala a cikin jirgin Sifaniyawa, ana buga ganga suna tuƙi da bugunta, har daren da suka kwance kansu a tashar Cadiz.

Wanda zai kalle shi ya riƙe shekarar da aka yi shi a ransa. Fim ɗin ya buɗe da Sarki Philip na Biyu na Sifaniya a gaban taswirar duniya yana burin ta zama tasa gaba ɗaya, ya rufe da Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya tana jawabin cewa wajibi ne 'yantattun mutane su tsaya wa mai irin wannan buri. A 1940 ne, jiragen Jamus na ruwan bama-bamai a Ingila, Amurka ba ta shiga yaƙi ba tukuna. Duk wanda ya zauna a silima a lokacin ya san da wa ake. Wannan ya ba fim ɗin nauyi, ya kuma rage masa wani abu. Blood don kansa da 'yan'uwansa bayi yake faɗa, Robin don talakawa, shi kuwa Thorpe bawan sarauta ne mai ladabi, wanda harshensa ke sarƙewa a gaban mace. Kuma sunan littafin Sabatini kawai aka ɗauka. Littafin na 1915 labarin wani Bature ne ɗan Ingila da aka ci amanarsa, ya faɗa bauta, ya musulunta ya zama babban kyaftin a Aljiyas ana kiransa Sakr el-Bahr. Fim marar magana na 1924 shi ya bi wannan labarin, na Flynn bai ko kusance shi ba.

In don faɗan takobi ka zo, to ka dubi wanda ke riƙe da ɗaya takobin. Basil Rathbone, wanda aka fi sani daga baya da fitowa a Sherlock Holmes, gwanin takobi ne na gaske, ya fi Flynn iyawa nesa ba kusa ba. Shi ne Levasseur a Captain Blood, inda suka kara a kan duwatsun bakin teku, ya faɗi ido buɗe, igiyar ruwa ta zo ta wanke fuskarsa ta koma. Gajeren faɗa ne, amma ƙarshensa ba ya fita daga rai. Shi ne kuma Sir Guy, mugun bafaden Yarima John, a Robin Hood, kuma wannan ne guntun da ƙanena ya gani: matakala, kyandirori na zubewa, tebur na kifewa, su biyun su fice daga hoto a bar inuwarsu tana faɗa a jikin ginshiƙi. Nan ne ƙololuwa. A Sea Hawk babu Rathbone. Henry Daniell ne bos, ya iya mugun kallo da sanyin murya, amma bai iya takobi ba, sai wasu aka sa suka yi a madadinsa aka rufa da inuwa da saurin yanka hoto. An yi dabara ƙwarai, sai dai idan ka riga ka ga na Rathbone za ka ji bambanci.

Haka abin yake a wajen jaruma. Brenda Marshall ce a Sea Hawk, kyakkyawa ce, amma wutar da ke kamawa tsakanin Flynn da de Havilland ba ta kama a nan ba. Macen da ta riƙe fim ɗin ita ce Flora Robson a matsayin sarauniya, wadda ke yi wa Thorpe faɗa a gaban jakada sannan ta kira shi ciki ta tambayi yadda ganima ta kasance. Claude Rains yana cikin biyu, Yarima John mai laushin murya a ɗaya, jakadan Sifaniya a ɗayan, kuma a na farkon ya fi samun wurin baje kolinsa.

Sai batun harshe, wanda a wurinmu ba ƙarami ba ne. Robin Hood ko ba ka jin Turanci za ka bi shi daga farko har ƙarshe, domin kayan jikin mutum ma na gaya maka ko wane ne. Captain Blood rabin daɗinsa a baki yake, a baƙar maganar Blood da amsoshin Arabella, don haka wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba ya nemi mai rubutu a ƙasan allo. Sea Hawk ya fi su yawan zaman fada da ƙulle-ƙullen 'yan leƙen asiri, har da inda aka gano inda Thorpe zai nufa ta hanyar taurarin da aka zana a jikin taswira. Yaro zai gaji a irin waɗannan wurare. Ta fuskar tarbiyya, duka ukun an yi su ne lokacin da Hollywood ke ƙarƙashin dokar tace fina-finai mai tsauri da aka fara tilastawa a 1934. Babu tsiraici, babu jini malala. Akwai sumba jefi-jefi, akwai shan giya, akwai bulala mai tayar da hankali a fina-finan tekun biyu. Allo ma yana da ta cewa: kalar Robin Hood na jure ƙaramar waya, amma duhu da inuwar Sea Hawk suna son talabijin da ɗakin da aka kashe wa fitila.

Akwai abin da ba zan tsallake ba, domin ya shafe mu. Duka ukun suna maganar 'yanci da babbar murya, kuma kowanne ya kawar da kai daga wani abu. Captain Blood ya sa ka ji zafin bautar Turawan da aka kai Jamaika, bai ba bayin Afirka baki ba, alhali su ne ƙashin bayan gonakin raken tsibirin. Sarki James ɗin nan da fim ya la'anta shi ne shugaban Royal African Company, kamfanin da ya kwashi dubban mutane daga gaɓar Afirka ta Yamma, da babban sansaninsa a Cape Coast ta ƙasar Ghana ta yau. Sea Hawk ya nuna matuƙan Ingila suna kwance wa bayi sarƙa. A tarihi kuwa John Hawkins, ɗaya daga cikin manyan matuƙan Elizabeth, ya kwashi mutane kusan 300 daga gaɓar Saliyo a 1562 ya sayar, a 1564 sarauniyar da kanta ta ba shi aron jirgi don ya koma, kuma Francis Drake, wanda aka ƙera Thorpe a kan siffarsa, ya bi shi irin wannan tafiya. Sarki Richard da ake jira kamar ruwan sama a Robin Hood daga yaƙin 'yan Salibiyya yake dawowa, inda ya kara da Salahuddin al-Ayyubi, kuma shi ya sa aka kashe fursunoni Musulmi fiye da 2,000 a Akka a 1191. Abin da zan yaba wa fim ɗin shi ne ya sa Robin ya faɗa wa Richard, bai san da shi yake magana ba, cewa laifin sarki ne da ya bar talakawansa ya tafi yaƙi a ƙasar wasu. Wannan duka bai hana ni son fina-finan ba, amma idan da yara ake kallo, ya kamata babba ya faɗa musu.

Sauran fina-finansa na kayan sarauta su jira. The Charge of the Light Brigade na 1936 ya murɗe tarihin yaƙin Kirimiya ya ɗora laifi a kan wani sarkin gabas da aka ƙirƙira, kuma an kashe dawakai da yawa wajen ɗaukarsa da wayoyin da ake ɗaura musu a ƙafa don su kife. Mai son doki ba zai ji daɗin kallon ba. The Private Lives of Elizabeth and Essex na 1939 fim ɗin Bette Davis ne, zaman fada ya fi yawa. Adventures of Don Juan na 1948 yana da kyawun tufafi har ya ci Oscar a kan haka, amma labarin manemin mata ne, kuma gajiya ta fara bayyana a fuskar Flynn. Mutumin bai yi rayuwar da za a yi koyi da ita ba. An gurfanar da shi kan zargin lalata da 'yan mata biyu masu ƙarancin shekaru, kotu ta sallame shi a 1943, giya da ƙwaya suka ci jikinsa, ya mutu a Vancouver ta Kanada a 1959 yana da shekara 50. De Havilland kuwa sai a 2020 ta rasu a Faris, tana da shekara 104.

Amsar da na tura wa ƙanena ita ce: tunda kai kaɗai za ka kalla, kuma kana jin Turanci, fara da Captain Blood. Na san mafi yawan masana za su ce Robin Hood, kuma in ana maganar fim ɗin da ba shi da ɓaraka, gaskiyarsu ne. Amma wanda ya fara da Robin ya ga Flynn a kan ganiyarsa, cikin kala, sai ya dawo baya ya ga Captain Blood ya yi masa duhu da nawa, ya rasa abin da ya fi daraja a cikinsa. Wanda ya bi su yadda aka yi su kuwa zai ga jarumin na girma a gabansa, a cikin labari da kuma a wajensa. Ranar da za a taru a tsakar gida da yara da iyaye mata, ko da wanda ba ya jin Turanci, Robin Hood za a sa, ba shawara. Sea Hawk na wanda ya riga ya kamu ne, ko mai sha'awar sanin yadda ake haɗa haske da kiɗa da motsin kyamara, ya zo na uku.

Na kuma ce masa ya duba tsawon fim kafin ya ƙona datarsa. Captain Blood da Sea Hawk duk an taɓa datse su lokacin da aka sake fitar da su silima, kuma guntayen na yawo har yanzu. Cikakken na farko minti 119 ne, na biyun 127. Akwai kuma waɗanda aka shafa wa kala da kwamfuta daga baya, a guje su, domin an tsara haskensu ne don baƙi da fari. Idan kuma aka isa Fanama a Sea Hawk ka ga hoto ya rikiɗe ya koma ruwan ƙasa, kada ka taɓa wayarka. Haka aka wanke wannan ɓangaren tun 1940, don mai kallo ya ji zafin dajin a jikinsa.